Babi na Biyar: Babur Mai Silinda Ɗaya, Daga Tseren Dakar Zuwa Duwatsun Adar

A makon farko na Janairun 1979, hunturu na tsakiyar kaɗawa, wani ayari da ba a taɓa ganin irinsa ba ya gangaro daga Agadas ya nufo Tawa. Babura ne da motoci, kowanne da lamba manne a jikinsa, mahayan galibi Faransawa, sun yi buɗu-buɗu da ƙura har ba a shaida fuskarsu. Sun baro birnin Paris ranar 26 ga Disamba 1978 da ababen hawa 182: babura 90, ƙananan motoci 80, manyan motoci 12. Jirgin ruwa ya tsallakar da su zuwa Aljeriya, suka keta Sahara ta Tamanrasset, suka shigo Nijar ta Assamaka, suka bi Arlit zuwa Agadas. Daga Tawa za su nufi Yamai, daga can sai Gao da Bamako, su ƙarasa Dakar. Tafiyar kilomita wajen 10,000 ke nan, kuma shi ne karon farko na tseren da duniya ta sani da sunan Paris-Dakar.

Lokacin Seyni Kountché ke mulki, kuɗin uraniyom na shigowa, ana kan aikin shimfiɗa kwaltar da za ta haɗa Tawa da Arlit. Don haka mafi yawan abin da ƴan tseren suka taka a arewacin Nijar rairayi ne da burji da tsakuwa. Duk mutumin Keita ko Tamaske da ya yi katarin shiga Tawa a ranar, abin da zai fara jan kunnensa shi ne ƙarar baburan. Ba irin kukan nan mai tsini na ƙananan babura masu hayaƙi ba ne. Bugu ne mai nauyi, ɗaya bayan ɗaya, da mutum zai iya ƙirgawa in injin na tsaye. A cikin baburan nan 90, guda 38 samfuri ɗaya ne: Yamaha XT500.

Ranar 14 ga Janairu, 74 kaɗai suka isa Dakar. Wanda ya zo na ɗaya wani saurayi ne ɗan shekara 22 daga garin Orléans, Cyril Neveu, a kan XT500. Na biyu Gilles Comte, shi ma XT500. Na uku Philippe Vassard a kan Honda XL250. A wannan karon ba a raba babura da motoci wajen lissafi ba, jeri ɗaya aka yi musu, kuma mota ta farko, wata Range Rover, ta huɗu ta zo. Babura uku masu silinda ɗaya sun riga kowace mota.

Abin mamakin shi ne, shekara biyar kafin nan, masana harkar babur sun gama yi wa irin wannan inji jana'iza. Babban babur mai silinda ɗaya sana'ar Ingila ce tun asali. BSA Gold Star, Norton Manx, Matchless da Velocette sun yi fice a filayen tsere na Turai tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa shekarun 1960. Suna da ƙarfi, amma an san su da yoyon baƙin mai da jijjiga da taurin tashi. Da Honda ta fito da CB750 mai silinda huɗu a 1969, mai santsi, mai tashi da maɓalli, sai masu saye suka juya baya. Kamfanin BSA kansa ya durƙushe a 1973. Baburan daji kuwa, kasuwarsu ta koma hannun injuna masu bugu biyu, waɗanda ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai, dangin Suzuki da Jincheng masu hayaƙin nan da ƴan acaɓa da ƴan kabu-kabu suka daɗe suna hawa. Yamaha ma da irinsu ta yi suna, tun daga DT-1 na 1968.

Dillalan Yamaha na Amurka ne suka matsa. Mahayansu masu yawo a hamadar Kalifoniya suna son babur mai ja tun daga ƙasa, marar shan mai, wanda zai yi nisa ba tare da fulogi ya toshe ba. Aka ɗora aikin injin a wuyan wani injiniya, Shiro Nakamura. A watan Satumba na 1975 aka nuna sakamakon a taron dillalai a Las Vegas, a 1976 kuma XT500 ya shiga kasuwa. Shi ne babur mai silinda ɗaya mai bugu huɗu na farko da Yamaha ta ƙera.

In aka zare tanki da kujera aka tsaya a kansa, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, kuma nan ne ƙarfinsa yake. Silinda ɗaya ce mai cc 499, faɗin fistin milimita 87, hawa da saukarsa milimita 84. Bawul biyu, karbireta ɗaya, fulogi ɗaya, giya biyar. Iska ke sanyaya shi, saboda haka babu lagireto da dutse zai huda, babu ruwan da zai tafasa. Baƙin mai ba a gindin inji yake zaune ba, a cikin bututun ƙarfen jikin babur ɗin aka zuba shi, famfo na zagaya da shi; wannan ya ɗaga cikin injin daga ƙasa, ya kuma ba man wurin hucewa. Wutar fulogi daga maganaɗisun injin take fitowa, ko batir ya mutu babur zai tashi. Tayar gaba inci 21 ce don haye rami da dutse, ta baya inci 18. Nauyinsa wajen kilo 140, ƙarfinsa na dawaki 32 ko kusa da haka. Ko a wancan zamani wannan ba wani abin a zo a gani ba ne wajen gudu.

Yadda yake ba da ƙarfin ne ya bambanta shi. Inji mai bugu huɗu yakan shaƙi mai da iska, ya matse, ya fashe, ya fitar da hayaƙi, kuma sau ɗaya wuta ke kamawa a kowane juyi biyu. Mai silinda huɗu yakan jera fashewar a kai a kai, taya ta yi ta juyawa ba hutu, wani lokaci ta tone rairayi ta binne kanta. Mai silinda ɗaya kuwa turawa yake yi ya saurara, ya sake turawa, kuma a ɗan tsakanin nan taya kan sami damar cafke ƙasa. Duk wanda ya taɓa hawo dutse daga kwarin Majiya da kaya a baya, a giya ta ɗaya, ya san wannan a jikinsa ko da bai taɓa jin bayaninsa ba.

Sai dai yana da halinsa, kuma wajen tashi yake nuna shi. Babu maɓalli, sai kik. Fistin mai girman haka in ya kai ƙarshen matsa, ƙafa ba ta iya tura shi. Mahayi zai taka kik a hankali har ya ji ya cije, sannan ya ja wani ɗan hannu da ke ƙarƙashin hannun kuloci, wanda ke ɗan buɗe bawul ya rage matsin, ya ƙara taka kaɗan fistin ya wuce ƙololuwa, ya saki hannun, ya mayar da kik sama, sannan ya sauke dukan nauyin jikinsa a kai lokaci guda, ba tare da ya murɗa totur ba. In ya yi daidai, babur ya amsa. In ya kuskure, kik ɗin ya dawo da ƙarfi ya doki ƙafa, kuma mutane da yawa sun yi jinyar idon sawu a kan haka. A tuna cewa ɗan tsere yakan yi wannan ne bayan ya faɗi a rairayi, injin da zafi, karbireta ta cika da mai, rana na dukan ƙeya.

Amurkawa aka ƙera wa shi, amma Faransawa ne suka gane abin da aka ba su. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Claude Bertrand yana shirya tsere daga Abidjan zuwa Nice, wato daga gaɓar tekun Kodebuwa zuwa ta Faransa, ta cikin Nijar da Libiya. Abidjan ɗin nan da samarin Adar ke kwarara cikinta neman kuɗi bayan kaka, daga can waɗannan ke tasowa su yi arewa. A tseren Janairun 1977 akwai wani matashi, Thierry Sabine, a kan XT500. Ya saki hanya a ƙuryar arewa maso gabashin Nijar, wajen iyakar Libiya, ya kwana biyu yana yawo har ruwa ya ƙare masa, sai da aka hango shi daga jirgin sama aka ɗauko shi. Wani da ya sha irin wannan wuya da ya rantse ba shi ba hamada. Shi kuwa ya koma Faransa da niyyar kai wasu su ga abin da ya gani, kuma kafin shekara biyu ta cika ya tsayar da Paris-Dakar.

Mutum na biyu da ya kamata a ambata shi ne Jean-Claude Olivier na kamfanin Sonauto, mai shigo da Yamaha Faransa. Dillali ne kuma mahayi, da kansa ya shiga tseren 1979. Shi ya fahimci cewa duk babur da ya kai Dakar zai sayar da kansa a Paris. Gyaran da aka yi wa baburan bai da yawa. Tankin asali lita tara bai cika ba, sai aka ƙera manya masu cin ninki uku ko fiye, aka ƙarfafa shokozoba, aka ƙara wurin ɗaure jarkar ruwa da kayan gyara. Sauran duk yadda aka sayo shi a shago ne. Yawancin mahayan kuma ba ƙwararru ba ne: masu garaji, ƴan kasuwa, ɗalibai, har da mata, cikinsu Martine de Cortanze wadda ta kai Dakar a kan Honda 250. Babu na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan adam a lokacin. Takardar bayanin hanya ce, da kamfas, da tambayar makiyaya.

Nijar ta gwada su. Tsakanin Arlit da Agadas da dama sun ɓace hanya, har da na gaba-gaba. A Agadas ne kuma tseren ya yi rashinsa na farko: wani mahayi ya faɗi yana ƙoƙarin ɗaure hular kwanonsa a kan tafiya, kansa ya bugu, bai tashi ba.

Neveu bai ci ko zango ɗaya ba a tseren gaba ɗaya. Wasu sun fi shi gudu kowace rana. Patrick Schaal, shi ma a kan Yamaha, shi ke gaba har ya faɗi ya karya ɗan yatsa. Jean-Claude Morellet, wanda aka fi sani da Fenouil, yana matsayi na biyu a kan BMW mai silinda biyu lokacin da injinsa ya mutu, saura ƙasa da kilomita 200 a gama. Neveu bai ɓata ba, bai karye ba, babur ɗinsa bai tsaya ba. A 1980 ya sake ci, kuma a wannan shekarar XT500 ne ya kwashe matsayi huɗu na farko. Injin bai tsaya a hamada kaɗai ba: a 1977 ɗan Suwidin Bengt Åberg ya ci zagaye ɗaya na gasar duniya ta tseren taɓo a Luksambag da babur da aka gina a kansa, a zamanin da masu bugu biyu suka mamaye wannan fage. Ɗan'uwansa na kwalta, SR400, da ya fito a 1978, sai 2021 aka daina sayar da shi a Japan.

Mulkinsa a Dakar bai daɗe ba. Da kuɗi da talabijin suka shigo, sai tsere ya koma na kamfanoni. A fili mai faɗi inda za a murɗa totur har ƙarshe na awa da awanni, mai silinda biyu ya fi. Hubert Auriol ya ci da BMW a 1981 da 1983, Gaston Rahier ya ci da ita a 1984 da 1985. Neveu ya koma Honda ya ƙara uku, a 1982 da 1986 da 1987, biyun ƙarshe a kan mai silinda biyu. Yamaha ba ta sake ɗaukar kofin ba sai 1991, da Stéphane Peterhansel, wanda ya ci sau shida a kan babur. Shi kuwa XT500 aka ci gaba da ƙera shi har 1989, da tankin alminiyon mai ƙyalli da ƙafafu ruwan zinariya, ana sayar wa masu sonsa don kansa.

A 1983 Sabine ya ratsa da ayarin ta tsakiyar Tenere karon farko, guguwar rairayi ta tarwatsa mahaya wajen 40, aka yi kwana huɗu ana tattaro su. A wannan shekarar Yamaha ta fito da magajin XT500, mai tanki lita 30, ta raɗa masa suna Ténéré. Har gobe ana sayar da babura da wannan suna a Turai da Amurka da Ostareliya, kuma da wuya a sami ɗaya cikin goma na masu hawansu da zai iya nuna garin Bilma na cikin Tenere a taswira.

Tawa ta ci gaba da karɓar baƙin. A 1989 da 1990 zango guda ya ƙare a cikinta daga Agadas, wani ya tashi daga cikinta zuwa Yamai. A 1997, da aka yi Dakar zuwa Agadas a koma Dakar, ta nan aka bi daga Menaka. Masu otal, masu sayar da mai, maƙeran azurfa da jagororin Agadas irin su Mano Dayak sun ci moriya. Amma moriyar kwana ɗaya ce ko biyu a shekara, kuma tana da farashi. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya ƴar shekara goma a Kita ta ƙasar Mali, kuma ba ita kaɗai ce ƴar Afirka da tseren ya taka ba. Jaridar fadar Paparoma ta yi tir da gasar a wannan shekarar. Gaskiyar magana, wanda ya shirya tsere a kan hanyar da yara ke kora awaki, ba tare da shinge ko gargaɗi da harshen mutanen wurin ba, ya san abin da zai iya faruwa.

Akwai kuma shekarar da abin ya fi ciwo. Damina ta 1984 ta ƙi, Najeriya ta rufe iyaka, yunwar da mutane suka sa wa suna El-Buhari ta kama ƙasa. A Janairun 1985 ayarin ya ratsa Nijar da jiragen sama masu ɗauke da abinci da man ƴan tsere. A daidai wannan lokaci, gabas da Tawa, an fara wani aiki na daban. Shirin raya karkara na Keita ya tashi a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, kuma mata ne suka fi yawa a cikinsa, suna ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a gangaren tsaunuka don tare ruwa, ana biyansu da abinci. Cikin shekara ashirin an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da fako sama da hekta 30,000, an kuma buɗe ɗaruruwan kilomita na hanyoyin karkara. A kwarin Majiya ta wajen Buza kuwa, tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara jera layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska. A ɓangaren tseren kuwa, Sabine ya mutu ranar 14 ga Janairu 1986, jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a Mali, tare da mawaƙi Daniel Balavoine wanda ya biyo ayarin don raba famfunan ruwa a ƙauyuka. A shekarar 2000 gasar ta iso Yamai, aka ji labarin barazanar hari a arewa, aka kwashe kowa da komai a manyan jiragen Antonov zuwa Libiya. Tun daga nan ba ta sake taka ƙasar Nijar ba. An soke ta 2008, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

Hanyoyin da matan Keita suka taimaka aka buɗe suna nan, kuma abin da ke bin su yau babur ne mai silinda ɗaya. Sai dai ba XT500 ba ne, don shi bai taɓa zama abin hawan talaka a nan ba. Kuɗinsa da kayan gyaransa sun fi ƙarfin manomi. Wani sa'ansa ne ya gaji ƙasar. A 1974 Honda ta tura injiniyoyi biyu su zagaya ƙasashe irin su Tailan, Indonesiya, Filifin da Pakistan su ga yadda ake amfani da baburanta. Suka tarar da iyali guda a kan babur ɗaya, suka tarar ba a canza baƙin mai sai ya yi kauri ya koma kwalta, matatar iska kuma ta toshe da ƙura ba mai dubawa. Ba su ce mutane su canza hali ba. Suka koma gida suka ƙera injin da zai jure halin: cc 125, silinda ɗaya, bawul da sanduna ke turawa daga ƙasa don kada ƙarancin mai ya cinye kan inji, matatar iska ta soso da za a wanke a mayar, kujera doguwa. CG125 ke nan, ya fito a 1975, shekarar da aka nuna XT500 a Las Vegas.

Da masana'antun China suka fara kwaikwayon wannan inji suna sayarwa da araha, Indiya kuma ta biyo da nata, sai farkon shekarun 2000 suka sauya fuskar karkara. Kasea, Haojue, Royal, Bajaj Boxer, TVS: sunayen da yaron ƙauye ya sani kafin ya san sunan ministansa. Ɗan ci-rani da ya dawo daga Abidjan ko Legas ko Libiya, in tafiya ta yi kyau, da babur ake gane shi. Ƙasar Adar kuwa kamar don shi aka yi ta. Tudu ne na jan dutse da kwaruruka suka tsattsaga, kuma in aka bar babbar hanyar da ta tashi daga Madawa ta bi Buza da Keita zuwa Tawa, sauran sawu ne da ke hawa da gangara, da ƙoramu masu yashi da rani, masu ambaliya da damina. Mota takan jira ranar kasuwa. Babur kullum yana tafe: buhun albasa daga fadamar Tarka ta wajen Sabon Gida, akuya ɗaure a baya zuwa Tamaske, malamin makaranta zuwa Garhanga, mai naƙuda a tsakiyar mutum biyu zuwa asibitin Buza cikin dare, kayan Najeriya ta wajen Bangi.

A je rumfar bakanike a tashar Madawa a ga dalilin. Babur ya zo yana hayaƙi ba ya ja. Yaron shago zai kwance salansa da karbireta, ya warware ƴan ƙusoshin kan inji, ya ɗaga shi, ya zare silinda, fistin ya bayyana baƙi ƙirin. Maigidan zai shafa cikin silindar da yatsa ya ji ko ta yi zane, ya aika a sayo zobba da gasket a shagon da ke kallonsu, a wanke komai da fetur a cikin gwangwani, a mayar. In an fara da hantsi, kafin la'asar mai babur ya kama hanyar gida. Silinda ɗaya ce, abin da zai lalace ɗaya ne, kuɗin gyara ɗaya ne. Man kuma ga shi nan a kwalabe a bakin hanya wurin ƴan ruwa-ruwa, ko da yake tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kwalbar ta yi tsada. Abin da ya kai Neveu Dakar shi ne abin da ke kai manomin Dewule gida: rashin nauyi, rashin shan mai, da injin da mutum ɗaya zai iya buɗewa a gindin itace.

Wannan sauƙin ya jawo masa baƙin jini ma. Abin da ya dace da manomi ya dace da ɗan bindiga. An hana hawan babur a Diffa a 2015, aka hana a sassan Tillaberi daga Janairun 2020, kamar yadda Kano ta hana acaɓa a 2013. A jihar Tawa kanta, an sa gundumomin Tiliya da Tasara ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017, kuma a kan babura maharan da suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya ranar 21 ga Maris 2021 suka zo. Duk inda aka kafa irin wannan doka, marar lafiya da ɗan kasuwa da malami ne ke fara jin ta a jika.

A fagen tseren ma silinda ɗaya ta dawo. Richard Sainct ya ci 1999 da 2000 da BMW mai silinda ɗaya, KTM ta karɓa daga 2001 ta riƙe har 2019, aka kuma rage girman injin manyan mahaya zuwa cc 450 a 2011. Daga 1999 zuwa yau sau ɗaya tak, a 2002, babur mai silinda biyu ya ci Dakar. Shekara ashirin na gwaji da miliyoyin kuɗi sun komo kan abin da tseren farko ya nuna: babur da mahayi zai iya ɗagawa shi kaɗai in ya faɗi ya fi wanda ya fi gudu.

Abin da Adar ta rasa ba mahaya ba ne. Saurayin da ke sauko da fasinja biyu daga tudun Allakaye bayan ruwan sama ya iya karanta ƙasa fiye da yawancin waɗanda suka biya kuɗi suka zo daga Paris. Amma inda yake nuna gwanintarsa shi ne rakiyar amarya da ranar salla, a tsakiyar gari, yana ɗaga tayar gaba tsakanin yara da tsofaffi, kai ba hula, ƙafa da silifa. Ana karyewa, ana mutuwa, kuma ba kofin da ake ba kowa. Sukuwar dawaki tana da filinta da ranarta da alƙalanta, shi ya sa ta zama abin alfahari. Tseren babur ma haka yake buƙata.

Magadan gari na Madawa da Buza da Keita, da sarakunan gargajiya, da ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu, suna iya ware fili a bayan gari bayan an kwashe amfanin gona, a shata hanya nesa da gidaje da burtali, a raba aji bisa girman inji, a ajiye ma'aikacin lafiya a wurin. Dillalan da ke cin ribar sayar da baburan nan su ɗauki nauyin kyauta. Sharaɗin shiga kuma ya zama ɗaya ga kowa: hular kwano a kai, a ɗaure ta tun kafin a taka kik.